Zangon Kumasi: Yadda Masaukin Fatake Ya Zama Gari

A Hausa, kalmar "zango" tana nufin wurin da matafiya suke sauke kaya su kwana kafin su ci gaba da tafiya. Takan kuma nufi nisan da ke tsakanin masauki da masauki, shi ya sa ake cewa gari kaza zango biyu ne daga gari kaza. Amma a ƙasar Gana kalmar ta sami wata ma'ana. A can, in an ce "zongo", kamar yadda mutanen ƙasar suke furta ta, ana nufin unguwar da Musulmi 'yan asalin arewa suke zaune, kuma da wuya a sami babban gari wanda ba shi da nasa zangon. Ɗaya daga cikin mafiya girma shi ne na Kumasi, babban birnin ƙasar Asante, wanda yake kimanin kilomita 250 arewa maso yamma da Accra, wadda Hausawa suke kira Ankara.

Hausawa suna cewa, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da hantsi ya yi ta bushe, kaba kuwa tana nan rani da damina. Mutanen Zangon Kumasi sun zo ne a matsayin baƙi, ga shi yau jikokin jikokinsu ne a cikin gidajen. Duk da haka, sau biyu a ƙarni na 20 hukuma ta tashi ta ce wa wasunsu su koma inda suka fito. Wuraren tarihi na birnin, wato barikin soja da Tsohon Zango da Sabon Zango da fadar Manhyia da babban masallaci, kowanne yana riƙe da wani ɓangare na wannan labari.

Goro da hanyar Gwanja

Abin da ya fara kai Bahaushe wannan yanki shi ne goro. Itacen goro ba ya yi sai a kurmi mai yawan ruwan sama, kuma a zamanin dā irin goron da Hausawa suka fi so, wanda yake jure doguwar tafiya, a dazuzzukan Asante ya fi samuwa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci hanyar Gwanja tun a ƙarni na 15. Amma a ƙarni na 19 ne cinikin ya bunƙasa sosai, saboda dalilai biyu. Na farko, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an hana giya a ƙasar Hausa, goro kuwa halal ne, sai bukatarsa ta ƙaru a biki da suna da gaisuwar sarakuna. Na biyu, a 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku, sai sarakunan Asante suka ƙara mai da hankali ga kasuwannin arewa.

Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, ga jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da kayan fata da gabu. Sukan haye Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Yandi, kana su sauka a Salaga. Wani ayarin yakan kai mutum dubu ko fiye, kuma zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara. A hanya ana biyan fito, ana fama da 'yan fashi, ana kuma kwance huhun goro a kai a kai don a yayyafa masa ruwa a tsince wanda ya lalace.

Salaga tana cikin ƙasar Gwanja, wadda Asante ta ci da yaƙi a ƙarni na 18. A nan fatake suke haɗuwa da mutanen Asante, waɗanda Hausawa suke kira Tonawa. Ban da goro, Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma har yanzu ana nuna wa masu ziyara filin kasuwar da rijiyoyin da aka haƙa a wancan zamani. Sarakunan Asante sun fi son cinikin ya tsaya a can, don haka tsawon shekaru da yawa ba kowane falke ake bari ya ƙarasa Kumasi ba.

Malaman fada

Wannan ba ya nufin babu Musulmi a Kumasi kafin zuwan Turawa. Wasu jakadun Ingila biyu, Thomas Bowdich a 1817 da Joseph Dupuis a 1820, sun tarar da jama'ar Musulmi a birnin a zamanin Sarki Osei Bonsu. Shugabansu shi ne Muhammad al-Gamba, wanda aka fi sani da Baba, mutumin Gambaga. Yawancinsu daga Gwanja da Dagwamba da ƙasashen Wangarawa suka fito, akwai kuma Hausawa da Larabawa jefi-jefi. Suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna yi masa addu'a in zai fita yaƙi, suna kuma rubuta layu. Babbar rigar yaƙi ta Sarkin Asante, wadda ake kira batakari, lulluɓe take da layu, kuma har yau ana fito da ita a wasu manyan bukukuwan sarauta. Wani tarin irin waɗannan rubuce-rubuce yana ajiye a babban ɗakin karatu na Kopenhagen a ƙasar Danmak, kuma masana suna danganta shi da yaƙin Katamanso na 1826, inda aka ci rundunar Asante.

Mutanen Asante suna kiran Musulmi "Kramo", daga kalmar Wangarawa "karamoko", wato malami. Zuriyar waɗancan malamai na fada sun zama 'yan ƙasa, ana kiransu Asante Nkramo, kuma daga cikinsu ake naɗa limamin Sarkin Asante. Ya kamata a bambanta su da mutanen zango, waɗanda zuwansu ya biyo bayan faɗuwar daular.

Barikin Kumasi

A watan Fabrairu na 1874 rundunar Ingila a ƙarƙashin Janar Garnet Wolseley ta shiga Kumasi, ta kwashe kayan zinariya daga fada, ta rushe gidan dutse na sarki, ta sa wa gari wuta. Da labari ya kai arewa, sai Salaga ta ɓalle daga Asante, cinikin goro ya fara karkata zuwa Kintampo da wasu garuruwa. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi a Salaga kan sarauta, 'yan kasuwa da malamai suka watse. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zama limami, ya rasu a can a 1934.

A 1896 Turawa suka dawo, suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya suka fitar da shi daga ƙasar, daga baya suka kai shi tsibiran Seshel. A shekarar da ta biyo baya suka kammala ginin bariki mai kauri a tsakiyar gari. Sojojin da suke tsaron barikin ana kiransu "Hausa", amma ba dukansu ne Hausawa ba. Akwai Gurunsawa da Mosawa da Dagwambawa da Yarabawa, da yawa kuma bayi ne da suka gudu ko aka 'yanta. Hausa ita ce harshen da ake ba su umarni da shi, sai sunan ya bi su duka. A inuwar waɗannan sojoji fatake da mahauta da malamai suka fara sauka a Kumasi ba tare da neman iznin kowa ba sai na Bature.

A watan Maris na 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. Wannan kujera kuwa ko Sarkin Asante ba ya zama a kanta, domin sun ɗauka ran al'ummarsu yana cikinta. Sai Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranci tawaye. Aka yi wa barikin ƙawanya tun daga watan Afrilu. Baƙin da ke gari, 'yan kasuwa da iyalan sojoji, suka taru a gindin katanga, yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Gwamna ya fasa ƙawanyar ya tsere a watan Yuni, sa'an nan a tsakiyar Yuli Kanar James Willcocks ya iso da rundunar agaji, wadda wani ɓangarenta daga Nijeriya aka kawo shi. A ranar 1 ga Janairu 1902 Asante ta koma ƙarƙashin mulkin Ingila. Yaa Asantewaa ta rasu a Seshel a 1921.

Barikin yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi na sojojin Gana. Ga mutanen Asante, wurin yana tuna musu jaruntakar wata tsohuwa da ta ja da Turawa. Ga mutanen zango kuwa, a nan ne zamansu ya soma, kuma a nan ne aka fara yi musu kallon mutanen da Bature ya shigo da su.

Tsohon Zango da Sabon Zango

A 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a bakin teku. Wannan ya canja hanyar goro gaba ɗaya. Maimakon wata da watanni a kan jaki, sai a sayi goro a Kumasi, a sa shi a jirgin ƙasa zuwa Sekondi, daga nan jirgin ruwa ya kai shi Ikko. Da dogo ya kai Kano a 1911, sai hanyar ta haɗe. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara bin hanyar teku, kuma da jarin goro ya shiga cinikin gyaɗa a Kano.

Ba goro kaɗai ya jawo mutane ba. Gonakin koko sun yaɗu a ƙasar Asante, ga ma'adinin zinariya a Obuasi, duka suna bukatar leburori. Mosawa da Zabarmawa da Busansawa suka riƙa gangarowa daga ƙasashen da Faransa take mulki, wasu don neman kuɗin haraji, wasu don gudun aikin tilas. Fulani da Hausawa suna koro shanu daga arewa, Yarabawa suna kasa kayan koli. Duk wanda ya sauka yakan nemi maigida na ƙabilarsa. Maigida shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in ya shiga rigima, in ya mutu kuma ya yi masa sutura. A kan wannan tsari na maigida da baƙonsa aka gina zango.

Unguwar da ake kira Tsohon Zango tana dab da babbar kasuwar Kumasi. Ta cika ta batse cikin 'yan shekaru, ba magudanar ruwa, ba tsari. A 1924 annobar da ɓeraye suke yaɗawa ta ɓarke a birnin, ta fi yin ɓarna a inda mutane suka cunkushe. Gwamnati ta rushe gidaje da yawa, ta gina wasu a jere a wani sabon fili, shi ne Sabon Zango. Daga baya unguwanni suka yi ta ƙaruwa ta gabas da arewa: Asawase da Aboabo da Akwatia Line da Yalwa da Sawaba da Zangon Mosawa. Wanda ya dubi sunayen zai ga Hausa da Turanci da harshen Twi na mutanen Asante a cakuɗe, kamar yadda mazauna wurin suke.

Sarkin Zango da fadar Manhyia

Turawa sun bukaci wanda za su riƙa yi wa magana a madadin baƙi, sai suka amince da sarautar Sarkin Zango, wadda Hausawa suka riƙe. Wanda ya fi ƙarfi a cikin na farko shi ne Malam Sallau, mutumin Katsina, malami ne kuma almajirin Alhaji Umaru. A shekarun 1920 har kotu aka ba shi yana yi wa mutanen zango shari'a. Amma sauran ƙabilu ba su ji daɗin a ce Bahaushe ne yake hukunta su ba, tun da kowace ƙabila tana da nata shugaban. Ƙorafi ya yi yawa, a farkon shekarun 1930 aka sauke shi.

A wannan tsakani sarautar Asante tana farfaɗowa. Prempeh na Ɗaya ya dawo daga Seshel a 1924, aka gina masa gida a Manhyia a 1925, tafiyar 'yan mintoci daga zango. A 1935 Turawa suka mai da wa Prempeh na Biyu matsayinsa na Sarkin Asante duka. Tun daga lokacin, mutanen zango suka koma baƙin Sarkin Asante maimakon baƙin Bature. Ƙasar da suka yi gini a kai ta sarauta ce, haya suke yi. A ranar bikin Akwasidae, wanda ake yi duk bayan mako shida, akan ga sarakunan zango da rawuna da manyan riguna sun zo gaisuwa a tsakiyar hakiman Asante masu yafe da zanen kente.

Tsohon gidan na 1925 ya zama gidan tarihi a 1995. A 2024, shekara 150 bayan ƙone Kumasi, aka dawo da wasu daga cikin kayan zinariyar da aka kwashe: guda 7 daga gidan tarihi na Fowler a Amurka, da guda 32 da gidajen tarihi biyu na Landan suka bayar aro.

Masallaci da makarantu

Zango ya zama cibiyar karatu tun da wuri. Almajirai sukan zo daga ko'ina a ƙasar su yi karatun allo, su zarce zuwa fiƙihu da nahawu da tafsiri a zaurukan malamai. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin Gana a 1993, a Kumasi ya yi wani ɓangare na karatunsa, wurin Malam Abdullahi Ɗantano. Ziyarar da Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya kawo a farkon shekarun 1950 ta ƙara wa ɗariƙar Tijjaniyya ƙarfi, kuma ɗaya daga cikin manyan mabiyansa, Alhaji Ahmad Baba al-Wa'iz, shi ya kafa makarantar Wataniyya. Daga baya ɗaliban da suka yi karatu a Saudiyya suka dawo da da'awar Ahlus Sunna, aka yi ta muhawara tsakanin ɓangarorin biyu, kamar yadda aka yi a Kano da Kaduna.

Babban masallacin Juma'a na Kumasi yana tsakiyar unguwannin zango. Gininsa ya daɗe bai ƙare ba, domin a shekarun 1950 rikicin jam'iyyu ya shiga har cikin maganar kuɗin gini da ta limanci. An sabunta shi gaba ɗaya, aka sake buɗe shi a watan Maris na 2023, da halartar Sarkin Asante Osei Tutu na Biyu da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, wanda ya ɗauki nauyin aikin.

Kora biyu: 1957 da 1969

Da aka doshi samun mulkin kai, zango ya rabu biyu. Wasu suka bi jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. Wasu kuwa, musamman masu gidaje da manyan 'yan kasuwa, suka shiga jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da jam'iyyar NLM da aka kafa a Kumasi a 1954 don neman a bar wa Asante ikon kanta. Dalilinsu a fili yake: wanda yake zaune a ƙasar sarki ba ya son ya saɓa wa sarki.

Gana ta sami mulkin kai ranar 6 ga Maris 1957. Bayan 'yan watanni gwamnati ta ba da umarnin a fitar da Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan daga ƙasar. Suka kai ƙara kotu, suka ce su 'yan ƙasa ne. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka kai su Nijeriya. A ƙarshen shekarar kuma aka haramta duk jam'iyyar da aka kafa a kan addini ko ƙabila ko yanki. Sai bayan juyin mulkin 1966 Amadu Baba ya dawo Kumasi.

Ta biyu ta fi ta farko zafi. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar iznin zama mako biyu ya bar ƙasar. Dokar zama ɗan ƙasa ta fi duba asalin iyaye a kan wurin haihuwa, saboda haka umarnin ya shafi har mutanen da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Ogbomosho ko Wagadugu ba. Dubun dubatar mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka hau manyan motoci. An raba mata da miji, an raba maigida da yaransa. Wasu sun dawo bayan faɗuwar gwamnatin a 1972, wasu kuwa ba su sake taka Kumasi ba. A 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora, wadda ta shafi 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya.

Hausar zango da zaman yau

Abin da ya haɗa ƙabilun zango shi ne Musulunci da harshen Hausa. Hausawan asali ba su ne mafiya yawa ba, amma ɗan Bamoshe da ɗan Bazabarme da ɗan Bawangare duk da Hausa suke tashi, da yawa ma sun fi iya ta a kan harshen kakanninsu. Hausar tasu ta bambanta da ta Kano. Misali, ba ta cika rarrabe namiji da mace ba, sai a ji an ce "yarinya ya zo", kuma ta ari kalmomi da yawa daga Twi da Turanci. Ita ma ta ba da nata aron. Shinkafa da wake ta zama "waakye", tuwon zafi ya zama "tuo zaafi", ƙosai ya zama "koose", koko mai yaji kuwa ko'ina a Gana sunansa kokon Hausa.

Unguwannin zango suna cikin waɗanda suka fi cunkoso da ƙarancin magudanar ruwa da aikin yi a birnin. Wani dalili shi ne iyaye da yawa a zamanin Turawa sun ƙi kai 'ya'yansu makarantun mishan don tsoron a canja musu addini, sai aka bar su a baya wajen aikin gwamnati. Makarantun da suke haɗa Larabci da boko sun rage wannan giɓi. A 2017 gwamnati ta kafa asusu na musamman don raya zanguna, da ma'aikatar da za ta kula da su, ko da yake an rushe ma'aikatar a 2021.

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce duk wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Amma har yanzu, lokacin rajistar zaɓe ko yin katin ɗan ƙasa, akan ji mutanen zango suna kukan cewa da an ji sunansu sai a tambaye su garinsu na asali. Amsar da yawancinsu suke bayarwa ita ce Kumasi. A nan aka yanke musu cibiya, kuma iyayensu da kakanninsu suna kwance a maƙabartar Tafo, arewa da gari.